Ƙafa mai naɗewa ko kafaffiya? Lissafin ƙafafun ƙaramin jirgin sama ƙirar gida a ƙasar Tasawa da Mayahi

1. Gabatarwa

A shekarar 2007 kafofin watsa labarai na duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin fizik a Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har jirgin ya ɗaga kimanin mita 2 daga ƙasa. Sha'awar ƙera jirgi da hannu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, mu ma muna ganin ta a cikin aji. In aka ba ɗalibai aikin zana ƙaramin jirgi, mafi yawansu sukan zana shi da ƙafafun da ke naɗewa su shige ciki bayan tashi, domin haka suka saba gani ga manyan jiragen da ke sauka Yamai. In aka tambaye su dalili sai su ce gudu. In aka ce su faɗi gudun nawa ne, a nan magana ke tsayawa.

Wannan tambaya ce za mu bi a wannan takarda, da alƙaluma. Abin da Faransawa ke kira train d'atterrissage mun kira shi ƙafafun jirgi, wato tayoyi, da sandunan da ke riƙe da su, da abin da ke shanye bugun sauka. Ƙafar da ke shigewa ciki mun kira ta mai naɗewa, wadda ke zaune waje kullum kuma kafaffiya. Jirgi ƙirar gida shi ne wanda mutum ya haɗa da kansa, daga zane ko daga sassan da ya sayo, don amfanin kansa. A Faransa al'adar ta samu ƙarfi daga Henri Mignet da littafinsa na 1934, a Amurka kuma daga ƙungiyar EAA da aka kafa a 1953.

Don bayani ya samu abin kamawa, mun ɗauki jirgi guda na misali: mai ɗaukar mutum biyu, nauyinsa da kaya kilo 600, faɗin fiffikensa murabba'in mita 10, injinsa mai ƙarfin doki 80, gudun tafiyarsa kilomita 180 a awa. Mun kuma ba shi wurin aiki, gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. Alƙaluman jirgin mu muka zaɓe su, kowa na iya sauya su ya sake lissafi. Ƙasar da yanayinta kuwa ba mai sauya su.

2. Ribar naɗewa da kuɗinta

Duk abin da ya fito daga jikin jirgi, iska na tare shi. In gudu ya ninka sau 2, wannan turjiya ta iska tana ninkawa sau 4, ƙarfin injin da ake kashewa wajen rinjayar ta kuma sau 8. Dukan muhawarar ƙafa mai naɗewa a kan wannan ƙa'ida take.

Masu ƙira sukan auna turjiyar sashen jirgi da faɗin allon da zai tare iska daidai da shi. Mu ɗauka jirginmu gaba ɗaya daidai yake da allo mai murabba'in mita 0,30, kuma a cikin wannan, ƙafafu uku masu kube sun ci 0,05. Kube shi ne rigar nan mai sulɓi da ake sa wa taya da sandarta don iska ta zame a kansu. Mu ɗauka kuma nauyin iska kilo 1 ne a kowace mita kubik, farfela tana mayar da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin inji. A haka ƙafafun za su ci ƙarfin doki 3 a gudun kilomita 150, kimanin 5 a gudun 180, kusan 25 a gudun 300, sa'an nan 58 a gudun 400. Ga mai gudun 400 wannan babbar asara ce. Ga namu, doki 5 ne cikin 80.

Yanzu mu naɗe ƙafafun. Allon ya koma 0,25, gudu ya ƙaru da kimanin kashi 6 cikin 100, wato daga 180 zuwa 191. Daga Tasawa zuwa Maraɗi a miƙe kimanin kilomita 100 ne: tafiyar minti 33 ta koma minti 31. Daga Tasawa zuwa Mayahi, kimanin kilomita 40, ribar ba ta kai minti guda ba. Sai an nufi Yamai, fiye da kilomita 600, za a samu minti 12. Wannan ma in ƙofofin kogon taya sun rufe tsaf ke nan, abin da ba kasafai ƙirar gida ke samu ba.

A ɗaya ɓangaren, majuya, da matokarai, da sakatu, da abin da ke ɗaga ƙafar, da ƙarin ƙarfafa fiffike, duka suna da nauyi. Mu ce kilo 20. Kilo 20 daidai yake da lita 28 ta fetur, kuma inji irin Rotax 912 mai doki 80 yana shan kimanin lita 15 a awa. Ke nan an ba da kusan awa biyu na zama a sama, an karɓi minti biyu a hanyar Maraɗi.

Tarihin jirage ya bi wannan lissafi sau da ƙafa. An ga ƙafa mai naɗewa tun 1920 a jirgin tsere na Dayton-Wright. A ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatar bincike ta NACA a Amurka ta auna wani ƙaramin jirgi, Sperry Messenger, ta samu ƙafafunsa tsirara suna cin kusan kashi 40 cikin 100 na turjiyar gangar jikinsa. Duk da haka ba kowa ya ruga ga naɗewa ba. Boeing ya naɗe a jirginsa Monomail na 1930, Lockheed a Orion na 1931, amma John Northrop ya ci gaba da sa wa ƙafafun jiragensa kube na wasu shekaru. Masanin tarihin fasaha Walter Vincenti ya nuna, a wani nazari na 1994, cewa matsayin Northrop ba taurin kai ba ne, domin a gudun wancan lokaci ratar da ke tsakanin hanyoyin biyu ƴar kaɗan ce. Ƙaruwar gudu ce ta raba gardamar, tare da zoben roba na Niels Christensen, wanda ya nemi rajistarsa a 1937 ya kuma rage matsalar yoyon mai.

Misali mafi kusa da mu yana Kaduna. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin AIEP ya ɗauki wani jirgi ƙirar gida na Amurka, RV-6A na Richard VanGrunsven, ya gyara shi don ya sha man mota, ya sa masa suna Air Beetle. Na farko ya tashi a 1989, aka haɗa 60 don horar da matuƙan rundunar sojan sama ta Nijeriya. Jiragen RV-6 masu injin doki 180 suna kai gudun tafiya na kusan kilomita 300 a awa, da ƙafa kafaffiya mai kube, kuma jiragen wannan zuriya fiye da dubu 10 sun tashi ba tare da kamfanin ya fitar da mai naɗewa ba. Super Mushshak na Pakistan da Nijeriya ta soma karɓa a 2016 don horo shi ma kafaffiya gare shi. Haka Tétras na kamfanin Humbert da Cessna Caravan, waɗanda sojan saman Nijar suka yi aiki da su.

3. Ƙasar da za a sauka

Littattafan ƙira sukan ɗauka cewa akwai titin kwalta ko fili mai ciyawa. Tasawa na da ƙaramin filin sauka, amma titunan kwalta mafi kusa a cikin Nijar su ne na Maraɗi da Damagaram. Ƙasar gundumomin biyu galibi jigawa ce, rairayi mai laushi, sai kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi. Jirgi mai inji ɗaya, ƙirar gida, dole a ƙera shi da tunanin ranar da injin zai mutu a hanya, ya sauka a gonar hatsi mai kunya da kututturen kara. Tun da sassaben zamani ya yaɗu a jihar Maraɗi daga shekarun 1980, gonakin sun cika da gawo da sauran itatuwa. Alheri ne ga manomi, amma ga matuƙi ya rage tsawon filin da zai samu.

Abin da ke hana taya nutsewa a rairayi shi ne faɗin tafinta. Matsin da taya ke yi wa ƙasa kusan daidai yake da matsin iskar da ke cikinta, shi ya sa direban da ya shiga yashi yake rage iska. A jirginmu kowace babbar taya tana ɗauke da kimanin kilo 270. In iskarta bar 2,5 ce, tafinta murabba'in santimita 108 ne; in bar 1 ce, 270. Amma ƙaramar taya ba ta jure ƙarancin iska. Tayar da aka fi naɗewa a ƙananan jirage, lamba 5.00-5, tsayinta kimanin santimita 36 ne, kaurinta 12 zuwa 13. Wadda ta dace da rairayi, lamba 8.50-6, ta kai santimita 55 a tsayi, ta wuce 20 a kauri.

Ga inda matsalar take. Fiffike mai faɗin mita 1,2 daga gaba zuwa baya, ko da kaurinsa ya kai kashi 15 cikin 100, santimita 18 ne a wuri mafi kauri, kuma a daidai wurin azarar fiffike take, wato babban ƙarfe ko katakon da ke ɗauke da nauyin jirgi a sama. Tayar da ta dace da ƙasar ba ta shiga fiffiken. Wadda ta shiga fiffiken ba ta dace da ƙasar ba. Bugu da ƙari, kogon taya yanka ne a fatar ƙasan fiffike, wadda ita ke hana fiffiken murɗewa, don haka sai an kewaye yankan da ƙarin ƙarfi. Sau da yawa kogon yana cin wurin tankin mai.

Tayar gaba ta fi ban tsoro. In ta nutse ko ta ci karo da kunya, jirgi na iya kifewa ta kansa. Wannan ya faru ga jiragen RV masu tayar gaba a filaye masu laushi, har kamfanin ya fitar da sanarwa a 2007 cewa a sauya ƙarfen da ke riƙe da ita don ya ƙara nisa da ƙasa. Saboda haka ne jiragen daji suka fi son manyan tayoyi biyu a gaba da ƙarama a wutsiya. A nan ya kamata mu faɗi hujja guda mai ƙarfi da masu naɗewa ke da ita: a rairayi mai zurfi, sauka da ciki, ƙafafu a naɗe, na iya fin sauka da ƙafa aminci, domin ba abin da zai kafe ya juya jirgin. Hujja ce ta gaske. Sai dai rana guda take amfani, nauyin kuwa kullum ana ɗauke da shi.

Zafi ma na da nasa rabo. Tasawa na kimanin mita 400 bisa teku. A watan Afrilu ko Mayu, da zafin digiri 42, nauyin iska ya ragu da kashi 13 cikin 100 a kan na bakin teku a ma'aunin da littattafai ke amfani da shi, kamar dai filin yana a tsayin mita 1500. Inji ya rage ƙarfi, gudun taɓa ƙasa ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, hanyar tashi ta yi tsawo, rairayi kuma yana riƙe taya. A irin wannan rana ake jin kilo 20. Ƙayar aduwa da tsidau kuwa ba su bambanta ƙafa mai naɗewa da kafaffiya. Kowace tana son taya mai kaurin fata.

4. Bugun sauka

Mu ce duk da haka mai ƙira ya yanke shawarar naɗewa, ko dai jirginsa mai gudu ne, ko don koyo. Kafin ya yi tunanin yadda ƙafar za ta naɗe, sai ya tabbatar ta iya aikinta na fari, wato shanye bugu.

Ƙa'idar Turai ta ƙananan jirage da ba su wuce kilo 750 ba, JAR-VLA ta 1990 wadda ta koma CS-VLA a 2003, ta ba da gudun faɗowa da za a yi lissafi da shi gwargwadon nauyin da ke kan kowane murabba'in mita na fiffike. Ba ya kasa mita 2,13 a daƙiƙa, ba a kuma bukatar ya wuce 3,05. Ga jirginmu ya kama mita 2,5 a daƙiƙa, daidai da sakin jirgin daga tsayin santimita 32. Makamashin wannan motsi jul 1875 ne. An yarda a ɗauka cewa fiffike na riƙe da kashi biyu bisa uku na nauyi a lokacin, ragowar kashi ɗayan kuma yana ci gaba da danna ƙafar yayin da take lotsawa.

Tambayar ita ce: santimita nawa ƙafar za ta lotsa don kada ƙarfin da ƙasa ke turo wa jirgi ya wuce nauyinsa sau 3? Amsar ta danganta ga abin da ke shanye bugun. Sifirin na ƙarfe, irin wanda Steve Wittman ya ƙirƙiro kuma Cessna ya ɗauka, yana soma turjiya daga sifili ya hau a hankali, don haka rabin abin da zai yiwu yake shanyewa: yana bukatar santimita 27. Roba, ko igiya ko faifai irin na Jodel da Mooney, tana kai kashi 60 cikin 100: santimita 22. Bututun mai da iska, inda fistan ke tura mai ta ƴar ƙaramar huda yana matse iska, yana kai kashi 80: santimita 15. Taya kanta tana ɗaukar wani ɓangare na wannan lotsawa.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa ƙafa mai naɗewa ta fi tafiya da bututun mai. Gajere ne, miƙaƙƙe, yana shiga kogo. Amma shi ne kuma mafi wuyar ƙerawa, sandarsa mai sheƙi da zoben robarsa su ne abincin ƙurar hunturu. Sifirin, wanda ba shi da abin lalacewa, shi ne mafi wuyar naɗewa.

Wurin dasa ƙafafun yana da ƙa'idojinsa da ba za mu daɗe a kansu ba. A mai tayar gaba, layin da ya tashi daga tafin babbar taya zuwa cibiyar nauyi ya karkata da aƙalla digiri 15 daga tsaye, tayar gaba ta ɗauki kashi 8 zuwa 15 cikin 100 na nauyi, bakin farfela ya nisanci ƙasa da santimita 18. A mai tayar wutsiya, santimita 23. A filin da ke da tsakuwa da kututture, waɗannan mafi ƙaranci ne ƙwarai. Kowane santimita da aka ƙara wa ƙafa kuma sai an nema masa wuri a kogo.

5. Gwiwa da sakata

Naɗe ƙafa abu ne mai sauƙi, kowane mai walda da ya taɓa yin kujera mai naɗewa ya san shi. Wuyar ita ce a samu ƙafar da ke naɗewa in an so, ta kuma ƙi naɗewa ƙarƙashin tan guda na bugu.

Ƙafar tana rataye a majuya, ƙusa mai kauri da take juyawa a kanta. Abin da ke tsayar da ita shi ne matokari mai gwiwa: sanduna biyu da aka haɗa da ƙusa a tsakiya, ɗaya a jikin ƙafar, ɗaya a jikin jirgi. In an karya gwiwar, ƙafa ta naɗe. In an miƙe ta, ana barin ta ta zarce miƙewa da ƴan milimita, ta jingina ga wani dakali na ƙarfe. Daga nan duk nauyin da ya danno matokarin ƙara matse gwiwar yake ga dakalin. Haka mutum ke tsayuwa, gwiwarsa a kulle ta baya, ba tare da gajiya ba. Wanda ya taɓa ganin yara suna dungurin bayan gwiwar ɗan'uwansu ya ga yadda ƙaramin taɓi a daidai wurin ke durƙusar da shi.

Lissafin gajere ne. Sanduna biyu, kowace santimita 25, zarcewa milimita 4, nauyin da ke danna matokari kilo 1000: ƙarfin da ke matse gwiwa ga dakali kilo 32 ne. In kuwa gwiwar ta tsaya milimita 4 kafin miƙewa, wannan kilo 32 ɗin karya ta yake, kuma da ta soma karyewa yana ninkuwa nan take. Tsakanin ƙafar da ta kulle da wadda za ta durƙushe milimita 8 ne. Ƙusoshin matokari uku ne. In kowace ta ci har ta saki da milimita 1, rabin zarcewar ya tafi. A ƙasar da giris ke haɗuwa da rairayi ya zama abin wasa wuƙa, wannan ci ba ya ɗaukar shekaru. Don haka ba a dogara ga zarcewa ita kaɗai. Ana ƙara sifirin mai jan gwiwa ga dakali, ko sakata mai faɗawa da kanta, domin jirgin da ya yi tsalle a kan kunya nauyinsa na barin matokarin na ɗan lokaci, a lokacin ne girgiza ke buɗe gwiwa.

Ƙa'ida ta biyu: bugun sauka ya bi ta matokari zuwa jikin jirgi, kada ya bi ta abin da ke ɗaga ƙafar. Ɗalibai kan zana ƙafa da injin lantarki ko bututun mai a matsayin matokari. Ranar da zoben roba ya tsage, ko haƙorin giya ya karye, jirgi ya zauna da ciki.

Abin ɗagawa iri uku ne: hannu, lantarki, matsin mai. Mu auna na hannu. Babbar ƙafa da tayarta kilo 12, cibiyar nauyinta santimita 45 daga majuya. Ta gaba kilo 6 a santimita 40. Lokacin da suka kwanta, ana bukatar kilo 22 a ƙarshen sandar hannu mai santimita 60, ban da turjiyar iska da gogayya. Matuƙi zai ja wannan da hannu ɗaya, jim kaɗan bayan tashi, ɗayan hannun yana tuƙi. Da igiyar roba ko sifirin mai ɗauke rabin nauyin, abin ya zo daidai ƙarfin mutum. Jiragen Mooney sun yi aiki da irin wannan sanda har ƙarshen shekarun 1960, kuma a ganinmu ita ce ta fi dacewa da wurinmu: ba mai, ba waya, matuƙi na jin kullewar a hannunsa. Falco na Stelio Frati, wanda ya fara tashi a 1955 daga baya ya shiga hannun masu ƙirar gida, yana amfani da sanduna masu zare da injin lantarki ke juyawa, da marfin juyawa na hannu in lantarki ya ƙi.

Duk ƙafar da ba hannu ke ɗagawa ba tana bukatar hanya ta biyu ta saukowa. Mafi kyawunta ita ce a saki sakatar sama, nauyi ya jawo ƙafar, sifirin ya ƙarasa kullewa. Shi ya sa ake son tayar gaba ta naɗe zuwa gaba, don iska ta taimaka wajen fito da ita, kamar yadda take a manyan jirage. A ƙaramin jirgi kuwa inji ya tare wurin, sai ta naɗe baya, sifirin ya yi kokawa da iska. A nan ma ƙasarmu na da nata tarko. Laka ta damana da taya ta ɗebo tana bushewa a kogo, zanzaro kuma ba ya wuce irin wannan lungu bai gina ɗakinsa ba. Ƴan makunnan da ke kunna fitilar "ta kulle" su ne farkon abin da ƙura ke kashewa. A sa su a jikin gwiwar kanta, don su shaida kullewa, a kuma bar ƴar taga ko alamar ƙarfe da ido zai gani.

Saura mantuwa. Matuƙa ƙwararru suna sauka da ƙafa a naɗe, a kan titi mai kyau, da na'ura lafiyayya. Ƙa'idoji sun tanadi ƙaho mai kuka in an rage wuta ƙafa ba ta sauka ba. Mai ƙirar gida galibi shi ne matuƙin, kuma awoyinsa a sama kaɗan ne.

Jirage biyu ƙirar gida sun cancanci nazari. KR-2 na Ken Rand, na shekarun 1970, ya fito da gajerun ƙafafu masu naɗewa da hannu, da ƙananan tayoyi. Masu ƙera shi da yawa sun koma kafaffiya. Europa na Ivan Shaw, wanda ya fara tashi a Ingila a 1992, ya ɗauki dabarar jirage marasa inji: babbar taya guda mai taushi a tsakiyar ciki, tana shigewa rabi da sandar hannu, da ƴan sanduna biyu a ƙarƙashin fiffike don kada ya karkata. Kogonta a gangar jiki yake, inda akwai wuri, fiffike bai yanku ba, kuma ko an manta da ita rabin tayar na waje yana kare ciki. Tuƙa shi a ƙasa na da wuya, wasu masu shi sun mayar da shi mai ƙafa uku. Duk da haka, in za a naɗe ƙafa a Mayahi, daga wannan tsari za mu soma.

6. Ƙarfe da gwaji

Masu walda na Tasawa da Maraɗi sun iya aiki. Amalanken da ke ɗaukar buhunan hatsi a rairayi shaida ne. Amma bututun amalanke da na ƙofa ƙarfe ne mai laushi, yana soma lanƙwasa a kimanin megafaskal 235. Ƙarfen ƙafar jirgi, wanda Amurkawa ke kira 4130, Faransawa 25CD4, ya kusa ninka wannan, in an gasa shi kuma ya wuce 1000. Fatarsa siririya ce, wani lokaci milimita 1, waldar lantarki ta kasuwa huda ta take. Sai waldar gas ko ta argon. Ƙafar da aka yi da ƙarfe mai laushi za ta iya ɗaukar nauyin, amma kilo 20 ɗinmu zai koma 35 ko 40. Ƙusoshin majuya da na gwiwa su zama waɗanda aka san asalinsu, su juya cikin zoben tagulla da za a iya sauyawa, a rufe su da rigar roba irin ta ƙahon babur. Kowane nauyi da aka lissafa a ninka shi da 1,5 kafin a zaɓi kaurin ƙarfe.

Gwajin da ya fi kowane amfani ba ya bukatar ɗakin bincike. A ɗaura ƙafa guda, a kulle, a jikin firam mai zamewa sama da ƙasa tsakanin ginshiƙai biyu, a ɗora mata buhunan yashi. Rabonta kilo 300 ne, amma da yake a gwaji ba fiffiken da zai riƙe kashi biyu bisa uku, ana rage nauyin. Ga ƙafar da ke lotsawa santimita 20, ya kama kimanin kilo 223. A ɗaga har taya ta nisanci ƙasa da santimita 32, a saki. Curin yumɓu a ƙarƙashin firam zai nuna iyakar lotsawa, kyamarar wayar hannu mai rage gudun hoto kuma za ta nuna ko gwiwa ta motsa daga dakalinta. Bayan wannan ba a yarda a ga lanƙwasa ko kaɗan ba. Gwaji na biyu daga santimita 46 ne, wato tsayin farko sau 1,44: a nan an yarda ƙarfe ya lanƙwasa, ba a yarda ya karye ko gwiwa ta buɗe ba.

Ga wurinmu za mu ƙara na uku, wanda ƙa'idar ba ta nema ba. A watsa wa majuya da gwiwa da sakata rairayin jigawa, a naɗe a buɗe sau 500 a kan jak, a sake auna zarcewar gwiwa da sakin kowace ƙusa, sa'an nan a maimaita sakin santimita 32. Sakamakon gwaje-gwajen uku, da zanen, da takardun asalin ƙarfe, su ne mai ƙira zai riƙe a hannu ranar da zai je hukumar ANAC a Yamai neman izinin tashi.